Yadda ake riƙe littafin godiya a gidan yari

Wanda aka yi wannan rubutu dominsa ba zai gan shi ba, tunda ba a barin ɗaurarre da waya, balle intanet. Kai da kake karantawa, mai yiwuwa ɗanka ne a ciki, ko ƙaninka, ko mijinki, ko kuwa kana cikin malamai da fastocin da ke shiga wa'azi. To, kai ne ɗan aike. Ka karanta ka riƙe, ranar ziyara ka haɗa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli ka kai masa.

Ƙanena ya yi wata goma sha huɗu yana jiran shari'a. A ziyarata ta uku na tambaye shi abin da ya fi damunsa, ina zaton zai ce gabza ko kuɗin cizo. Sai ya ce, "Yaya, kwanakin ne. Talata da Asabar duk ɗaya. In na rufe ido tunani, in na buɗe tunani." Daga nan muka fara abin da zan bayyana, muna yi muna gyarawa, kuma yawancinsa kurakuranmu ne suka koya mana.

Maganarsa tana da tushe. Tun 2019 doka ta sauya wa gidajen yarin Najeriya suna zuwa gidajen gyaran hali, ko da yake bakin jama'a bai saki tsohon sunan ba, wanda ya samo asali daga Yari, mai sarautar tsare masu laifi a ƙarƙashin sarki. Suna ya sauya, amma har yanzu kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke ciki ba a yanke musu hukunci ba. Wanda aka ɗaure shekara uku yana da abin ƙirgawa, kowace safiya kwana ɗaya ya ragu. Mai jiran shari'a ba shi da wannan. Yau a ce alƙali ya yi tafiya, gobe a ce babu motar kai su kotu, jibi a ce fayil yana ma'aikatar shari'a ana jiran shawara. Da zuciya ta rasa abin ƙirgawa sai ta koma ƙirga asara. Littafin godiya, wato littafin da mutum ke rubuta abubuwan alherin da ya samu a kwanakinsa, wani abin ƙirgawa ne ake miƙa mata.

Shin yana da amfani, ko hirar 'yan boko ce?

A 2003 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun raba ɗalibai gida uku. Kashi na farko kowane mako suna rubuta abu biyar na godiya, na biyu suna rubuta abu biyar da suka ɓata musu rai, na uku kuma suna rubuta duk abin da ya faru da su. Bayan mako 10, masu rubuta godiya suka fi sauran gamsuwa da rayuwarsu da kyautata zato ga makon gaba, kukansu na ciwon jiki kuma ya fi kaɗan. A 2005 Martin Seligman da abokan aikinsa suka gwada wata hanyar: tsawon mako ɗaya, kowane dare mutum ya rubuta abu uku da suka tafi daidai a yinin, da dalilin da ya sa. Bayan wata shida ana ganin tasirin, musamman ga waɗanda suka ci gaba da yi da kansu. An kuma gwada a kan fursunoni a ƙasar Sin, aka buga a 2019, aka ga walwalarsu ta ƙaru, halin faɗa ya ragu.

Amma kada a zuzuta. Da aka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje daga baya aka auna su tare, amfanin ya fito ɗan daidai-wa-daida, musamman ga mai ciwon damuwa na gaske. Man zafi ne, yana rage raɗaɗi, ba ya ɗora karaya.

A wurinmu kuma abin ba baƙo ba ne. A cikin kurkuku Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya gaya wa abokan zamansa biyu cewa imanin da yake kai falalar Allah ce a kansu da kan mutane, amma mafi yawan mutane ba sa godewa. Duba Suratu Yusuf, aya ta 38. Kiristoci kuma sun san cewa Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙa, kuma da godiya ya buɗe ta. Matsalarmu ɗaya ce: godiya ta zama gaisuwa. "Ina aiki?" "Da godiya." "Ya jiki?" "Alhamdu lillahi." Baki ya saba, ya kan faɗa zuciya tana can wani wuri. Takarda ita ce ke tilasta wa mutum ya tsaya ya ambaci sunan ni'imar.

Mataki na farko: izini, sannan kaya

Kada ka cusa littafi cikin gari ko ƙarƙashin kwanon abinci. In aka kama, shi zai ɗanɗana kuɗarsa, kai kuma a hana ka ziyara. Nemi jami'in walwala na gidan, ka nuna littafin, ka faɗi abin da za a yi da shi.

Littafin 'yan firamare mai bangon takarda ya isa, wanda babu wayar ƙarfe a gefensa. Ka rubuta sunansa a bango da manyan baƙi. Biro yana ƙafewa, yana yoyo in zafi ya yi yawa, kuma yana da farin jini, aro ɗaya ya tafi kenan. Fensir ya fi zama, sai dai reza ba ta shiga, don haka ka fiƙe guda biyu tun daga gida. In bakin ya dakushe, ana goga shi a siminti. Ka haɗa da leda, saboda gumi da laimar damina suna cin takarda.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙa'idojin kula da fursunoni da ta amince da su a 2015, waɗanda ake kira da sunan Mandela. Ta 117 ta ce wanda ba a yanke wa hukunci ba yana iya samun littattafai da jaridu da kayan rubutu da kuɗinsa ko na wani, muddin hakan bai saɓa wa tsaro da tsarin gidan ba. Sanin wannan zai ƙara maka ƙwarin gwiwa, amma kada ka tsaya a bakin ƙofa kana karanta wa gandiroba doka. "Yallaɓai, littafi ne zai riƙa rubuta godiyar Allah, ga shi ka duba," ya fi saurin buɗe ƙofa.

In bai iya boko ba, ajami ya wadatar. In bai iya ko ɗaya ba, ko kuma an hana takardar, a koma ga yatsu: bayan sallar isha ya kama gaɓar yatsa uku, kowace ya ɗora mata abu ɗaya, ya maimaita da asuba don ya zauna. Ranar ziyara ya faɗa maka waɗanda ya riƙe, kai ka rubuta a gida. Rashin takarda bai taɓa hana ɗaurarru rubutu ba. Wole Soyinka, da aka tsare wata 22 lokacin yaƙin basasa, galibi a Kaduna, a tsakanin layukan littattafai da kan takardar ban ɗaki ya riƙa rubutu. Ibnu Taimiyya kuwa, da aka ƙwace masa alƙalami da takardu a kurkukun Dimashƙa kafin rasuwarsa a 1328, da gawayi ya ci gaba. Na kawo su ne don ƙarfafa zuciya, ba don naka ya karya dokar gida ba.

Mataki na biyu: abin da ba ya shiga littafin

Wannan ya kamata ya riga rubuta harafin farko. A gidan yari babu aljihun sirri. Ana binciken ɗakuna ba sanarwa, abokin zama ma yana iya buɗewa kana layin ruwa. Saboda haka ya rubuta kamar ya san gandiroba da mai gabatar da ƙara za su karanta.

Kada ya taɓa shari'arsa, ko da da sunan godiya ne. Layi kamar "na gode Allah ba su gano wane ba" yana iya zama shaida a gaban alƙali. Kada sunan wanda ake tuhumarsu tare ya shiga. Kada ya rubuta laifin ma'aikaci, ko sirrin abokin ɗaki, ko wanda ya shigo da abin da aka hana. In zai ambaci mutum, ya ce "Baba na kusa da taga" ko "mai ɗinkin hula", ya isa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ko Mandela bai tsira daga wannan ba. A kurkukun tsibirin Robben ya rubuta tarihin rayuwarsa a ɓoye, aka binne takardun a lambun tsakar gidan. Da aka zo ginin wani bango sai aka tono su, aka hana shi karatu har shekara huɗu.

Shafin ƙarshe kaɗai za a keɓe wa harkar kotu, shi ma kwanan wata ne zalla: ranar da aka kai shi, ranar da aka ɗage zuwa, ranar da lauya ya zo. Wannan shafin ya yi mana amfani fiye da yadda muka zata, domin duk sanda aka tambaye mu sau nawa aka ɗage zaman, amsa tana hannu.

Mataki na uku: lokaci

Ya zaɓi lokaci ɗaya ya ɗaure shi da wani abin da ba ya sauyawa a gidan. Bayan la'asar ya fi dacewa, kafin haske ya ɗauke, tunda ba a dogara da wuta ba. Minti biyar zuwa goma ya isa.

Makon farko, kullum, abu uku. Bayan haka ya rage zuwa sau biyu ko sau ɗaya a mako. Mun fara da kullum babu fashi, kafin wata ya cika ƙanena ya ce abin ya zame masa kamar aikin gida na makaranta, layi ɗaya yake ta maimaitawa. Ashe masana sun riga sun lura da haka: a wani gwaji na Sonja Lyubomirsky da abokan aikinta, masu yi sau ɗaya a mako sun fi masu yi sau uku amfana. Muka koma Litinin da Juma'a, abin ya zauna.

Mataki na huɗu: yadda ake rubuta layin

Nan ne gaba ɗaya aikin yake.

Ya fara da rana da kwanan wata. Kada ya raina wannan, shi ne ke raba Talata da Asabar. Sannan abu uku, kowane da ƙafa biyu: me ya faru, kuma ta hannun wa ko ta wane dalili.

Ga irin layin da ba ya aiki: "Na gode Allah da lafiya da rai da iyaye." Gaskiya ne, amma za ka iya rubuta shi yau, ka rubuta shi baɗi, ka rubuta shi kana barci. Ga irin wanda ke aiki:

"Laraba. Ƙaiƙayin ƙazwa ya lafa, na yi barci daga isha har kiran assalatu. Man da Umma ta aiko ne, da na kusa da ni da ya matsa ya bar min gefen taga."

"An fito da mu da hantsi, na shanya bargona, rana ta bugi bayana har na ji kamar a ƙofar gidanmu nake."

"Wani ya zage ni a layin ruwa, na haɗiye. Da watan jiya ne da na rama."

Ka lura da ƙanƙantarsu. Mutumin da ke jiran ya ji an ce an ba da belinsa kafin ya gode, zai yi wata shida shafinsa fari fat. Wanda ya koyi ganin rabin sabulu da gefen taga, ba ya rasa abin rubutawa. Ka kuma lura da na uku, shi na fi so. Gidan yari yana ƙwace wa mutum ikon komai, lokacin tashi, lokacin ci, har lokacin zagawa. Layin da ke nuna abin da shi da kansa ya zaɓa, ya yi shiru, ya raba gari da wani, ya wanke wa tsoho riga, yana tuna masa cewa akwai abin da ya rage a hannunsa.

Dokar da muka kafa ita ce, ba a maimaita layi cikin mako guda. In ni'imar ta dawo, a nemo sabon gefenta. Umma ta shiga ranar Litinin saboda man shafawa, in za ta shiga ranar Juma'a sai dai saboda wani abin, misali yadda ta danne kukanta har ta fita daga ɗakin ziyara.

Ranar da kai ya toshe, ya bi waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya har wata ta buɗe. Jiki: wace gaɓa ce ba ta yi ciwo yau ba? Wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori a ɗakin kulle ya san darajar wannan tambaya. Mutane: wa ya yi masa magana mai daɗi, ko da gandiroba ne ya ce "sannu"? Sama: hadari, tsuntsu, sanyin asuba, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Kai: ayar da ya haddace, kalmar Turanci da ya koya, ɗinkin da hannunsa ya fara faɗawa. Abin da bai faru ba: faɗan da ya tashi aka kashe, zazzaɓin da ya kama ɗakin ya tsallake shi. In duk sun ƙi, ya koma baya: malamin allon da ya koya masa baƙi, kakar da ke ɓoye masa ƙanzo, abokin da ya taɓa biya masa kuɗin mota.

Akwai kuma dabarar "da a ce babu". Ya ɗauki abu ɗaya da ya saba da shi har ya daina gani, ya yi minti ɗaya yana tunanin yinin da babu shi. Da a ce babu mai kawo min ziyara. Da a ce ban iya karatu ba. Sannan ya rubuta. Minti ɗaya nake cewa, kada ya zarce, domin in ya daɗe a ciki dabarar tana juyewa ta zama tsoro.

Mataki na biyar: baƙar rana

Za ta zo. Ranar da ya yi wanka tun asuba, ya sa rigar da aka goge masa, aka kai shi kotu, cikin minti biyu aka ɗage zuwa wata uku. Ko ranar da aka aiko cewa an yi rasuwa a gida, an binne ba shi. A irin wannan rana, ce wa mutum ya rubuta abu uku na godiya zalunci ne.

Ga abin da zai yi. Ya rubuta kwanan wata, ya rubuta gaskiyar ransa a layi ɗaya ba tare da sunan kowa ba: "Yau raina ya ɓaci, na yi kuka." In ya iya, ya ƙara "duk da haka" ya kawo abu ɗaya tak, ko da ruwan da ya sha ne. In bai iya ba, ya ja layi ya rufe littafin. Kwanan watan ma rubutu ne. A littafin ƙanena akwai shafi guda da babu komai sai ranaku huɗu a jere da layi a gaban kowace.

Na ga masu wa'azi suna kuskure a nan, suna mai da godiya abin rufe baki, kamar duk wanda ya yi kuka ya butulce. A cikin surar nan dai ta Yusuf, mahaifinsa Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai kukansa da baƙin cikinsa ga Allah ne. Shi kuma Yusuf, da manzon sarki ya zo fitar da shi, bai ruga ba. Ya ce a koma a tambayi matan nan da suka yanke hannuwansu, sai da aka wanke sunansa. Aya ta 50 kenan. Mai godiya yana neman haƙƙinsa. Littafin nan ba zai maye gurbin lauya ba, ba kuma yafiya ba ce ga wanda ya jefa mutum ciki bisa ƙarya. In babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976 don marasa hali, kuma manyan alƙalan jihohi suna kai ziyara gidajen yari suna duba waɗanda suka daɗe ba shari'a. Bin waɗannan aikinka ne kai da ke waje.

Ga wanda ya san ya aikata laifin kuwa, nauyin daban ne. Ya kan ji bai cancanci ya ji daɗin komai ba. Kada a yi masa gardama. A bar shi ya rubuta abin da aka yi masa na alheri bayan an san laifinsa, domin irin wannan alherin ya fi kowane shiga rai.

Mataki na shida: wasiƙar godiya

Sau ɗaya a wata, ya yage warƙa ɗaya ya rubuta wa mutum guda. A gwajin Seligman da na ambata, rubuta wasiƙar godiya da kai ta hannu da hannu ita ce ta fi kowace dabara ɗaga zuciya nan take, ko da yake tasirinta bai wuce kamar wata ɗaya ba. Shi ya sa ake maimaitawa. Hadisi kuma ya ce wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba.

Sharaɗi biyu ne. Na farko, ya ambaci takamaiman abin da mutumin ya yi da yadda ya amfane shi. Na biyu, kada roƙo ya shiga. Duk saƙon da ke fitowa daga gidan yari roƙo ne, a kawo sabulu, a ga lauya, a nemo mai tsayawa beli, har 'yan uwa su fara jin faɗuwar gaba in an ce ga takarda daga wane. Wasiƙar da ba ta neman komai tana gyara wannan. Ta bi ta hannun ma'aikata kamar kowace wasiƙa, za su karanta, babu laifi. Wadda ƙanena ya rubuta wa Umma layi shida ce, kan yadda take hawa mota biyu da ciwon gwiwa don ziyarar minti goma sha biyar. Tana cikin jakar carbinta har yanzu.

Mataki na bakwai: in ɗaki ya nuna sha'awa

Za a fara da tsokana. "Malam marubuci, yau me aka gode?" Ya yi dariya ya ci gaba. Daga baya wani zai matso ya ce a rubuta masa nasa. In sun kai uku ko huɗu, suna iya zama ranar Juma'a bayan salla, kowa ya faɗi abu ɗaya. A sanar da shugaban ɗaki tukuna, don kada a ɗauka wani abu ake ƙullawa.

A kiyaye abu ɗaya: a zaman taro ba a ambaton kayan da aka kawo wa mutum daga gida. A kowane ɗaki akwai wanda shekara ta zagayo ba wanda ya leƙo shi, godiyarka kan soyayyen nama wuƙa ce a zuciyarsa, kuma gayyatar ɓarawo ce. Wannan a bar wa takarda. A taro a faɗi abin da kowa ya samu, ko alherin da wani na cikin ɗakin ya yi.

Mataki na takwas: karantawa da adanawa

Ranar ɗaya ga kowane wata ya karanta na watan jiya daga farko. Zai ga sunayen da ke yawan dawowa, ya san mutanensa na gaske. Zai ga baƙaƙen ranaku da abin da ya biyo bayansu. Da littafi ya cika, ya nuna wa jami'in walwala ya ba ka ka tafi da shi gida, domin ana iya sauya wa mutum gidan yari da tsakar dare, kaya su watse.

Wani lokaci saba riƙe fensir yana jan mutum zuwa karatu. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, tana da cibiyoyi a wasu gidajen gyaran hali inda ɗaurarru ke karatu kyauta, akwai kuma azuzuwan yaƙi da jahilci da wuraren koyon kafinta da ɗinki. In ya nuna sha'awa, a tambayi abin da gidan da yake ciki ke da shi.

Inda littafi ya gaza

In ya daina cin abinci, ko ya yi kwanaki ba barci, ko ya daina wanka da magana, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya fara cewa gara ya mutu, to an wuce wurin fensir. A ranar ka sanar da ma'aikatan lafiya na gidan da shugaban gidan, ka gaya wa lauya, ka nace a kai shi ga likita. Kada ka ce aljanu ne ka tsaya nan, kada kuma ka ce masa ya ƙara godiya. Maganar mutuwa musamman, ko cikin wasa ya faɗe ta, kada ka bar ta ta kwana.

Naka aikin

Ranar ziyara lokaci kaɗan ne, rabinsa kuma maganar lauya ke cinyewa. Ka ware minti biyu na ƙarshe ka ce, "Faɗa min ɗaya daga cikin na wannan makon." Ka saurara, kada ka gyara masa. In ya ce bai rubuta komai ba, ka ce ba komai, ka faɗa masa naka. Wannan yana nufin kai ma kana da littafi a gida. Iyalin ɗaurarre su ma a ɗaure suke, ga kuɗin lauya, ga bakin maƙwabta, ga yara masu tambayar ina Baba.

Kalmar da za ka guje wa ita ce, "Ka gode Allah, wasu sun fi ka shiga uku." Na faɗa wa ƙanena ita sau ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Yaya, na sani, tare muke kwana da su." Godiyar da mutum ya tono da hannunsa daban take da wadda aka ɗora masa a ka.

Bayan an sallame shi, kada a ajiye littafin nan da nan. Watannin farko a waje suna da nasu nauyi: masu gaisuwa da ido biyu, aikin da aka ba wani, barcin da ke yankewa da ƙarar ƙofa. Ƙanena ya fito da littafi uku a leda, ya ci gaba da na huɗu har kusan wata biyar. Ranar da ya ba ni izini na buɗe shi, layin farko na daren da ya dawo gida na karanta: "Alhamis. Na tashi cikin dare na buɗe ƙofa da hannuna na fita tsakar gida, ba don komai ba. Umma ta ji motsi ta ce wane ne, na ce ni ne."